Hantsin da Rumfa Ta Tare

Damagaram, unguwar Birni, 12 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Wasila, a Yamai.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da mahaifiyarsa da duk wanda ke cin tuwo a gidanku. Mu nan lafiya muke. Sabon gero ya shigo gari, famfon unguwa kuwa yana nan da halinsa, ya zo yau, ya ɗauke gobe.

Takardarki ta iso ta hannun direban kar, babbar motar fasinja, tare da sabulun da shayin. Allah ya yi albarka. Da na karanta layin ƙarshe sai na tura ƙofa na yi sujadar godiya, kuma sujadar ta yi tsawo fiye da yadda na yi niyya, don tashi daga ƙasa ya fara zame mini aiki. Shekara huɗu muna roƙo, ashe Allah bai manta da mu ba. Kin kyauta da ba ki faɗa mini a waya ba. Waya ta gaisuwa ce. In ta yi ƙara Ramlatu matar yayanki ce ke miƙo mini ita, ta tsaya a kaina, maƙwabta ma su sami rabonsu. Magana mai nauyi takarda ake ba wa. Ba a banza babana ya bar ni na yi kolej ba.

Yanzu ki saurara. Ki daina hawa kabu-kabu daga biro, wurin aikinki, zuwa kasuwa. Ki riƙe addu'o'inki na safe. Kada ki bi ƙawaye kina ba su labari, mace mai hankali jikinta ne ke sanar da mutane, ba bakinta ba. Kuma kada ki mai da ciki hujjar barin girki ko ɗaga wa miji murya.

Haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Haka uwata ta yi mini, haka zan yi miki. In kin shiga wata na takwas ki ɗauki konje, hutun aiki, ki taho gida. Ni zan yi miki wankan jego da hannuna, safe da yamma, har ki yi arba'in. Na sa an fito da babbar tukunyar ƙarfen nan ta kakarki an kankare ta. Na kuma aika wa mutanenmu na Gaffati su tara mini busasshen itace, don na Kasuwar Dole hayaƙi ne kawai.

Za ki tarar da gidan da daɗin zama. Rumfar kwanon da yayanki ya rufe tsakar gida da ita lokacin da nake takabar babanku, kullum sai na sa masa albarka a kanta. Ya sa zana a ƙarƙashin kwanon, ba zafi ko kaɗan. Daga ƙofar ɗakina har madafa har bakin zaure, rana ba ta ganina, ni ma ba na ganinta. Tun da na fita takaba ban ga abin da zan nema a waje ba. In ta'aziyya ta kama, sai rana ta faɗi nake zuwa, da hijabina da safata. Abin da ya dace da matar da mijinta ya rasu ke nan. Ba irin Jummai maƙwabciyarmu ba, da ke baje ƙafafu a ƙofar gida tana shan hantsi kamar ƙadangare, tana ƙirga masu wucewa.

Kin tambayi jikina. Sanyi ne ya ɗan kama ni a cinyoyi da ƙugu. Ina shafa man kaɗe. Kafin ki zo ya wuce.

Mahaifiyarki,
Zainaba


Yamai, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Innata.

Ina gaishe ki gaisuwar 'yar auta, wadda ba ta ƙarewa. Ina lafiya, tashin zuciyar ya ragu, na kuma daina hawa kabu-kabu, sai dai ranar da na makara. Na ga alkakin da kilishin. Na ɓoye kilishin, maigidan ya gano wurin.

Inna, kin ce sanyi ne ya ɗan kama ki. To, na kira Ramlatu na matsa mata, kada ki yi mata faɗa, ni na sa ta rantse. Ta ce kin fi wata shida kina sallar farilla a zaune. Ta ce in kin zauna a tabarma sai kin dafa bango, ko ta kama ki, kafin ki miƙe. Ta ce kin daina taje kanki don hannu ba ya ɗaguwa, kuma ranar Juma'ar da ta wuce ƙafa ta ƙi ɗaukarki a dokin ƙofar madafa, kika zube. Wannan ne ɗan sanyi?

Na kasa riƙe abin, na gaya wa Hajiya, mahaifiyar maigidana. Ta tausaya ƙwarai. Ta ce in kin yarda, in haihu a nan Yamai, ita za ta yi mini wankan, ta yi wa 'ya'yanta mata uku, ta san aikin. Ke kuma sai ki zo suna ki zauna a kujera ana kawo miki gaisuwa. Inna, kada ki wahalar da kanki a kaina. Ki huta, an samu mai yi.

Ki je asibiti, don Allah don Annabi.

'Yarki,
Wasila


Yamai, 6 ga Disamba

Inna,

Ina fata kina samun sauƙi. Kar na zuwa, kar na komawa, na je tasha har direban ya fara jin kunyata. Ba takarda, ba saƙo. In na kira ki a waya, "lafiya lau" kawai kike cewa, ki miƙa wa Ramlatu. Ita kuma ta ce kin sa an kife tukunyar kaka a bayan madafa, kin ce a gaya wa mutanen Gaffati su bar itacen.

Na sake tuna abin da na rubuta, sai na ga kuskurena. Inna, wallahi ban ce na samu wata uwar ba. Ba hannun da nake so ya taɓa ni a kwanakin nan sai naki. Tsoro ne ya sa ni magana. Na tuna nauyin tukunyar nan, na tuna ki a ƙasa a ƙofar madafa.

Tun da kin ƙi asibiti, asibiti zai zo. Maigidana yana da aboki tun suna makarantar lise, Likita Suma'ila, yana aiki nan Damagaram. Ya yi alkawarin zai shigo gida ya duba ki. Kada ki kore shi. In za ki yi fushi, ki yi da ni, amma a takarda, in gani in san kina nan.

Wasila


Damagaram, 21 ga Disamba

Zuwa ga Wasila.

Na amsa gaisuwarki. Allah ya raba ku lafiya.

Kin ce in yi fushi a takarda, to ga shi. 'Ya ba ta ɗaukar ciwon uwarta ta kai gidan surukai a tattauna. "An samu mai yi." Na karanta kalmomin nan har takardar ta yi laushi. Na yi wa 'ya'yan dangi da na maƙwabta wankan jego ban san adadi ba, sai tawa ta cikina ce za a ce in zo in zauna a kujera kamar baƙuwa? Ba na zargin Hajiya, mutuniyar kirki ce, ki gaishe ta ki ce na gode da tayinta. Ke nake zargi. Amma na ji bayaninki na biyu, na yafe, a bar maganar.

Tun da asiri ya riga ya tonu, bari in gaya miki yadda abin yake. Ba ciwo ne mai tsawa ba. Ƙarfi ne ke zurarewa a hankali. Cinyoyina kamar an cika su da yashi. Ƙashin ƙuguna da na baya suna yi mini tsami ko ina kwance. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, an gasa mini da ruwan zafi. Wasu sun ce tsufa ne, ni da ban kai sittin ba. Wasu sun ce hannu aka sa mini, na ce su ji tsoron Allah. Ranar da takardarki mai maganar Hajiya ta zo, na tafi madafa na ce bari in gwada kaina. Na kama bokiti mai rabin ruwa, ya ƙi barin ƙasa. Shi ya sa na ce a kife tukunyar. Ba don fushi kaɗai ba ne. Ba na son ganin bakinta a buɗe tana jirana.

Likitanku ya zo. Yaro ne, na san kakarsa, mai tuwon madara ce a Zango. Yana da ladabi, ya cire takalmi tun daga zaure. Ya sa ni a kujera ya ce, "Inna, ki rungume hannuwanki a ƙirji, ki tashi."

Na ce, "Ɗan nan, duba ni ka zo yi, ko aikin soja za ka ɗauke ni?"

Ya ce, "In kin tashi, yau zan ba ki galan, igiyar soja."

Na yunƙura, na yunƙura, kujera ta ƙi sakina. Ya danna ƙashin ƙaurina da yatsa, sai da na yi salati. Ya ce in taka zuwa bakin zaure in dawo. Ramlatu, da ba wanda ya tambaye ta, ta ce, "Ka gani ko, likita? Tafiyar agwagwa take yi." Zan tuna mata wannan.

Sai ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rumfa. Ya ce, "Inna, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki?"

Na ce wannan ba tambayar da ake yi wa uwar wani ba ce. Ya ce a yi masa haƙuri, aikin ne ya gaji haka. Na ce tun rasuwar maigidan, shekara ta uku ke nan muna ciki. Ya tambayi abin da nake ci. Na ce tuwo da kunu da fura, ƙarnin kifi da ƙwai ya fita raina tun ina takaba. Ya ce yana zaton rashin rana ne ya kayar da ni. Na ce, "Rashin rana? A Damagaram? Mu da muke gudunta tun kakanni?" Ya yi dariya ya ce ba zai rantse ba sai ya ga analis, gwajin jini. Ya ɗebi jini, ya ce Yamai za a kai, sakamakon zai biyo ta hannun maigidanki.

Ban yarda da maganarsa ba. Amma na gode da kika turo shi. Ko ba komai, shi ne na farko da bai ce mini tsufa ba ne.

Mahaifiyarki


Yamai, 8 ga Janairu

Innata,

Gaisuwa da murna. Ina lafiya, mutumin naki ya fara shuri, musamman in na zauna a biro.

Sakamako ya fito, Likita Suma'ila ya yi gaskiya. Akwai wani abu da ake kira bitamin D. Fatar mutum ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, abinci kaɗan yake bayarwa. Naki ya kusa ƙarewa ƙaf. Ya ce in babu shi, jiki ba ya iya tsotse abin da ke ƙarfafa ƙashi daga abinci, sai ƙashi ya yi ta tsami, tsoka kuma ta saki. Tsokar cinya da ta kafaɗa ke fara saki, shi ya sa tashi daga tabarma da taje kai suka gagare ki. Ya ce ya ga mata da yawa haka a garin da rana ta fi yawa, masu zaman cikin gida da masu rufe jiki duka in za su fita. Inna, ba tsufa ba ne, ba sammu ba ne, kuma yana warkewa. Na yi kuka a gaban mutanen biro.

Ga magani nan a kwali. Ƙananan kwalabe ne, ampul, ana fasa wuyan a sha abin ciki. Ki bi ordinans ɗin, takardar maganin, yadda ya rubuta. Na san ki, kada ki ce za ki haɗa biyu don ki yi saurin warkewa, ya ce yawansa ma cuta ne. Ki koma cin sardin da gwaiduwar ƙwai da hanta, ki sha nono. Ki riƙa gwada tashi daga kujera kullum, ko da dafawa ne. Ya ce ba aikin sati ba ne, na watanni ne, amma muna da watannin.

Saura magana ɗaya. Ya ce magani zai cika abin da ya ƙare, rana ce za ta riƙe shi. Kullum da hantsi ki zauna a rana na ɗan lokaci, hannuwa da ƙauri a buɗe. Ke nan sai an buɗe wani gefe na rumfar Yaya Abdulmumin. Na san shi ɗan fari ne, ko sunansa ba kya faɗa, balle ki dube shi ki ce ya kwance abin da ya gina miki. Ki bar ni in gaya masa.

Ni dai na gaya wa Hajiya gida zan haihu. Ki sa a tayar da tukunya.

Wasila


Damagaram, 24 ga Janairu

Zuwa ga 'yata.

Lafiya muke, ina fata kuna haka. Allah ya saka wa maigidanki da abokinsa da alheri. Na yi musu addu'a da sunan iyayensu.

Na sha ampul ɗin. Kamar man gyaɗa yake, ban ga abin da ɗan wannan zai yi wa mace kamata ba, amma na sha da bisimilla. Ina cin sardin ina toshe hanci. Ramlatu na dafa mini ƙwai tana murmushi, wai ita da nake yi wa faɗan yawon kasuwa ga ta da ƙafafu kamar turmi. Na ce mata yawo bai zama ibada ba don likita ya yabi rana.

Maganar rumfa kuwa, ban yarda ba, kuma na hana ki. Ki tuna yadda aka yi ta. Babanku ya rasu da bazara. Ina takaba, ƙasar tsakar gidan nan tana ƙona tafin ƙafa. Yayanki ya zo daga Arlit, ya gan ni na ɗauko buta ina rabewa a jikin bango. Ya fasa komawa aiki, ya kawo maƙera, shi da kansa ya hau yana buga ƙusa har hannunsa ya fashe. Tun yana yaro ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ban taɓa kiran sunansa ba, haka aka rene mu. Shi ma ba shi da hanyar da zai ce mini yana tausayina sai wannan rumfa. Yanzu a aika masa a ce abin da ya yi ne ya kwantar da uwarsa? Kina son ya ɗauki wannan ya koma da shi cikin ramin ma'adinai?

Na nemi wata hanya. Saman soro akwai rana, amma matakalar ta fi ƙarfina. Ƙofar gida akwai rana, amma ba zan zauna a titi kusa da Jummai ina buɗe ƙauri ba, ko da ƙafar za ta guntule. Saboda haka ampul ya wadatar. In bai wadatar ba, Allah ya nufa Hajiya ce za ta yi miki wankan, sai in haƙura.

Na ce a tayar da tukunyar, tana nan dai a bayan madafa. Kada ki gaya masa. Umarni ne.

Mahaifiyarki


Yamai, 2 ga Fabrairu

Inna,

Na gaishe ki. Na saɓa umarninki, na gaya wa Yaya a waya. Na karanta masa abin da kika rubuta a kan hannunsa da ya fashe. In na zo ki dake ni, bayan arba'in.

Wasila


Damagaram, 19 ga Fabrairu

Zuwa ga Wasila mai kunnen ƙashi.

Ina gaishe ki duk da haka. Dukan yana nan na ajiye miki.

Ya zo ranar Alhamis, ba sanarwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango yadda na saba. Washegari da safe sai na ji ana jan tsani. Na dafa na fito, na gan shi da guduma, ya fara daga kusurwar zaure, alamar duka zai sauke.

Na ce, "Ramlatu, ki tambayi mijinki wa ya aike shi."

Ya ce daga kan tsani, "Ramlatu, ki gaya wa Inna da hannuna na gina mata ciwo, da hannuna zan rushe shi."

Na ce, "Ki ce masa wanda ya ga uwarsa cikin zafi ya yi mata inuwa bai yi laifi ba. In ya sauke rumfar nan duka, ni ya ci wa fuska."

Ya ce, "Ki ce mata shekara uku ina alfahari da ita a gaban abokaina, ashe..." Namiji mai 'ya'ya biyu, a kan tsani, yana share fuska da hannun riga.

Ramlatu ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ni kam na gaji! Ga ku ga juna, taku uku tsakaninku, ni ce waya?" Ta shige madafa ta bar mu.

Wasila, na rasa inda zan sa idona. Na dubi guduma na yi mata magana. Na ce, "Kwano uku za a cire. Na gabas, inda maigidan ke zama yana yankan fata. Sauran a bar mini, ina son abuna."

Guduma ta ce, "To, Inna."

Da ya ɗaga kwanon farko da zanarsa, rana ta faɗo a jikin bango, sai ga jan rinin fatar babanku, inda yake goge hannu in ya gama jakunkuna. Duhun rumfa ya ɓoye shi, na manta yana nan. Na sa aka kawo mini kujera wurin. Na jira yayanki ya fita masallaci, na naɗe hannun riga, na ɗage zane zuwa gwiwa. Ɗumin ya ratsa ni har ƙashi. Ban san na yi kewarsa ba.

Ban daɗe ba sai ga kan Jummai ta zaure, Ramlatu ta riga ta kai mata rahoton cewa ina kiranta ƙadangare. Ta ce, "Barka da hantsi, Zainaba! Ashe ƙadangaru sun ƙaru a unguwa?"

Na ce, "Nawa da takardar likita. Ke wa ya rubuta miki?"

Yanzu kullum sai ta shigo da kujerarta. Surutunta ya yi yawa, amma na raba ta da titi, ko wannan lada ne.

Kwanon ukun da aka cire, yayanki bai jefar ba. Ya kafa su a bayan madafa, ya kewaye wurin da za a yi miki wanka, ya gyara murhu, ya ɗora tukunyar kakarki a kai da kansa. Ya tafi Gaffati ya kawo itacen kafin ya koma Arlit.

Jikin kuwa, ba zan yi ƙarya in ce na warke ba. Ƙugu na tsami har yanzu. Amma jiya na taje kaina, kuma na tashi daga kujera da dafa hannu ɗaya. Likita ya ce galan ɗina ya kusa. Ki taho farkon watan gobe, ki zauna kujerar gaba a kar, kada ki ci abin tasha.

Kin saɓa mini, kuma na gode. Kada ki saba.

Mahaifiyarki


Damagaram, 16 ga Mayu

Zuwa ga yayan Wasila, a Arlit.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kana kuma tsai da salla a kan lokacinta duk da aikin dare da rana da ake sa ku. Matarka da yaranka suna lafiya. Za ka yi mamakin ganin rubutuna, don ban taɓa aika maka takarda ba. Wadda nake rubuta wa tana ɗakina yanzu, ga alƙalami ga takarda sun saura, ga kuma magana da ba za ta bi ta bakin Ramlatu ba.

Ka ji a waya cewa ƙanwarka ta sauka lafiya, namiji, an kuma mayar da sunan babanku, Yakuba. Wannan karo ɗaya na rubuta shi don ka gani. Tun da bakina ba zai iya kiransa ba, Mai Nasara nake ce masa, gidan duka sun bi ni. Yana da goshin mai sunansa da ƙarar muryar uwarsa.

Abin da ba a gaya maka a waya ba shi ne wannan. Ni nake yi mata wankan. Ranar farko Ramlatu ta juye ruwan daga tukunya, don nauyin ya fi ƙarfina har yanzu, ba zan ɓoye ba. Na ɗauki ganyen darbejiya na shiga bayan kwanonka. Na tsuguna. Da na gama ƙafafunta sai na tuna ba bango kusa da zan dafa, kwano ne, ga shi da zafi. Wasila ta miƙo mini hannu. Na ce ta mai da hannunta, mai jego ba ta ɗaga kowa. Na ce bisimilla, na miƙe. Cinyoyin nan suka ɗauke ni kamar ba su taɓa ƙi ba. Ta fashe da kuka, na ce ta rufe mini baki kada ruwa ya huce. Tun ranar, safe da yamma, ban fasa ba.

Surukarta ta zo suna daga Yamai. Ta leƙa ta ga yadda nake yi, ta ce ita ma ta ƙaru. Mace ce mai mutunci, na ba ta turaren wuta da jakar fata cikin na ƙarshe da babanku ya ɗinka.

Na sauya abu ɗaya a al'ada, tsofaffin unguwa suna ta magana. Ba na kulle mai jego a ɗaki. Hantsi na yi nake fito da ita ƙarƙashin wurin da ka buɗe, ta zauna kusa da ni, jaririn yana gefe a inuwar rumfarka. Shi likita ya ba shi nasa maganin na ɗigawa a baki. Masu cewa iska za ta shige ta, na ce su zo su ga wadda rashin rana ya shiga. Kunun kanwa ma na rage mata, likita ya roƙe ni, na ga yaron bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na koma sallar farilla a tsaye tun kafin ta haihu. A sujadar farko da na tashi daga ita ba dafawa, kai na fara yi wa addu'a.

Na gode da rumfar da ka yi mini. Ta rufa mini asiri lokacin da ba na son ko sama ta gan ni. Na gode da wurin da ka buɗe. Duka biyun hannu ɗaya ne ya yi su, kuma ban ga laifinsa ba ko sau ɗaya. Ka cire wannan daga ranka, umarni ne, kai kuma ba irin ƙanwarka ba ne da ke tsallake umarni. Sunanka ba zan rubuta ba. Na san shi, ina ɗaki ina ji aka raɗa maka shi.

Ramlatu ta ce kana maganar in ka zo hutu za ka mayar da kwanon kafin damina, kada ruwa ya dame ni. Kada ka kuskura. In an gama arba'in tukunyar kakarku ba ta da aiki, zan sa a ajiye ta daidai wurin. Ka san garin nan da ƙarancin ruwa. Abin da ya sauko ta nan, rana ne ko ruwa, ina so.

Mahaifiyarka,
Zainaba